Kashi Nawa Suka Ci? Yadda Ake Auna Makaranta Mai Ɗalibai Kaɗan

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar fita ya fito, akwai tambaya ɗaya da ke jiran kowane shugaban makarantar sakandare: "Kashi nawa suka ci?" Ofishin shiyya ita zai fara yi. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ita zai yi. Hakimi ma, in an haɗu a wurin ɗaurin aure, ana gama gaisawa ita ce za ta biyo baya.

Na yi shekaru ina koyar da Lissafi a wata makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye, wadda in ka tara ɗalibanta kaf, daga aji ɗaya zuwa aji shida, ba sa cika filin taron safe. Na ga shekarar da shugabanmu ya dawo daga birni da takardar sakamako a ninke cikin aljihun babbar riga, bakinsa har kunne, aka biyo mu da wasiƙar yabo. Na kuma ga shekarar da ta biyo bayanta, ranar da ya shige ofis ya turo ƙofa bai ce wa kowa uffan ba, bayan mako biyu takardar tuhuma ta iso. Malaman nan su ne dai. Allon shi ne dai, jadawalin bai canza ba, rufin da ke yoyo bara shi ke yoyo bana. Da muka zauna muka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, bambancin shekarun biyu bai wuce yara shida ba. Tun daga ranar na daina yarda da wannan lamba ita kaɗai, kuma dalilan ne nake so in baje a nan.

Lambar dai sananniya ce: kason ɗaliban da suka sami kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar WAEC ko NECO. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an ci, amma ba su kai ba, F9 kuwa faɗuwa ce. Ba da wasa aka zaɓi wannan ma'auni ba, domin shekara da shekaru shi ne ya kasance mabuɗin jami'a da sauran manyan makarantu, kuma yaron da ya rasa shi, ko makinsa na JAMB ya kai nawa, sau da yawa a gida yakan zauna. Saboda haka uban da ya tambayi kashi nawa suka ci yana da cikakken haƙƙin tambaya. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka ɗauki amsar shekara ɗaya aka yanke wa makaranta hukunci da ita, musamman makarantar da 'yan aji shidanta ba su cika ɗaki guda ba.

Mu ɗauka makaranta tana da ɗalibai 40 masu zana jarrabawa. Kowane yaro ɗaya yana ɗauke da kashi 2.5 cikin ɗari a kansa. In 24 suka ci, an sami kashi 60. In baɗi 18 suka ci, an dawo kashi 45, sai a rubuta a rahoto cewa makaranta ta zube da kashi 15. Yara shida ne fa. A makarantar birni mai ɗalibai 600, waɗannan yara shida kashi 1 ne kacal, ba wanda zai ko lura. Su wa ke cikin shidan nan? Wadda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar ranar Turanci. Wanda aka yi wa rasuwa ana tsakiyar jarrabawa. Wanda babur ya mace masa a hanya ya iso an ci rabin lokaci. Wani lokacin kuma ba wani abin da ya faru, Allah ne ya haɗa aji mai kaifin kai bara, bana kuma ya haɗa na masu ja da ƙafa. A babbar makaranta irin waɗannan abubuwa suna cinye juna, wani ya ja ƙasa wani ya ja sama. A ƙarama ba su da inda za su ɓuya, kai tsaye suke bayyana a kason.

Wannan ruɗu ya ci manya ma. A Amurka an daɗe ana lura cewa in aka jera makarantun da suka fi kowa maki, ƙanana sun yi yawa a saman jerin, sai aka ɗauka ƙanƙanta ce sirrin. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba sama da dala biliyan 2 a gyaran makarantun sakandare, kuma kafa ƙanana da raba manya na cikin manyan abubuwan da aka yi da kuɗin. Wani masanin ƙididdiga, Howard Wainer, ya duba makarantun jihar Pennsylvania ya nuna cewa ƙananan sun yi yawa a sama, haka nan sun yi yawa a ƙasan jerin. Ƙaramar makaranta ta fi saurin tashi, ta kuma fi saurin faɗowa. A 2009 Bill Gates da kansa ya amsa cewa da yawa daga ƙananan makarantun da suka kashe wa kuɗi ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai ta yadda za a ce an gani ba. To in masu biliyoyi sun ruɗe, ina ga jami'in shiyya da ke da makarantu fiye da yadda zai iya zagayawa, ba shi da komai a gabansa sai takarda ɗaya mai lamba ɗaya?

Ita kanta jarrabawar ba a tsaye take wuri ɗaya ba. A WAEC, kason waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a faɗin Najeriya ya kai 79.81 a 2023, ya sauko 72.12 a 2024. A 2025 hukumar ta fara sanar da 38.32, ƙasa ta ɗauki ɗumi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin takardar Turanci ta zaɓin amsa, ta ba da haƙuri, ta gyara zuwa 62.96. A shekarar ce kuma ɗalibai a wurare da dama suka rubuta Turanci cikin dare da hasken tocila saboda takardu sun makara. Shugaban makarantar da aka tuhuma a kwanakin da ke tsakanin sanarwa ta farko da ta biyu, a kan laifin wa aka tuhume shi? In kogi ya janye, kowane kwalekwale zai sauka, babba da ƙarami. Don haka makarantar da ta tsaya a kashi 55 a shekarar da ƙasa ta sauka da kusan kashi 10, a gaskiya ci gaba ta yi, ko da takarda ba ta nuna ba.

Akwai tambayar da ta fi "kashi nawa" nauyi, amma ba kasafai ake yin ta ba: kashi nawa na su wa? Kaso yana da sama yana da ƙasa, kuma hanya mafi sauƙi ta ɗaga shi ita ce a rage na ƙasan. A ce makarantu biyu kowacce ta karɓi yara 100 a aji ɗaya. Ta farko ta kai 30 ɗakin jarrabawa, 24 suka ci, an rubuta mata kashi 80. Ta biyu ta riƙe 70 har ƙarshe, 42 suka ci, an rubuta mata kashi 60. Wacce ta fi yi wa garinta aiki? Ta biyun ta ba al'umma yara 42 masu shaidar wucewa gaba, ta farkon 24, amma ta farkon ce za a kira a ba ta kofi. Yara 70 ɗin da suka sulale daga ta farkon ba sa cikin kowane rahoto. Wasu an aurar, wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba, wasu kuɗin jarrabawa ne ya gagara. A Kano, alal misali, 'yan aji biyar kan zauna jarrabawar kwalifayin, gwamnati ta biya wa waɗanda suka cika sharaɗi kuɗin jarrabawar fita, sauran kuma sai iyaye sun biya. Tsarin yana da dalilinsa, tunda kuɗi ba su isa kowa ba, amma ma'anarsa ita ce an riga an tace ajin kafin ranar jarrabawa, kuma kason da za a sanar na tatattun ne. Irin wannan muhawara ce ta tashi a 2025 da Kano ta zo kan gaba a yawan waɗanda suka sami kiredit biyar a NECO. Abin farin ciki ne, sai dai yawan kai daban, kaso daban, tunda Kano na cikin jihohin da suka fi tura ɗalibai.

Ba zan tsallake maganar satar amsa ba, ko da yake ba na so in daɗe a kanta. Duk inda aka ɗora aikin mutum da mutuncinsa a kan lamba ɗaya, wani zai nemi lambar ta bayan gida. A 2024 kaɗai WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 200,000 bisa zargin maguɗi. Makarantar ƙauye da ke nesa da idon masu sa ido, wadda ta tashi daga kashi 30 ta dira a 95 cikin shekara guda ba tare da ƙarin malami ko ɗaya ba, bincike ya kamace ta kafin yabo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shugaban da ya ƙi wannan hanya, ya tsaya a kan gaskiyarsa, shi ne iyaye ke kwashe 'ya'yansu daga wurinsa in an zo rajistar aji shida.

To in an kawar da duk wannan hazo, ina ainihin ciwon ƙaramar makaranta yake? Wanda ya buɗe babbar takardar sakamako, wadda ke nuna kowane ɗalibi da kowane darasi, zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Yaro ya ci Hausa, ya ci Addini, ya ci Aikin Gona, ya ci Tattalin Arziki, wani har kiredit bakwai, sai ka iso layin Turanci ka ga D7, ko layin Lissafi ka ga E8. Darussa biyu ne ke tsare ƙofar, kuma a ƙaramar makaranta kowane ɗaya daga cikinsu yakan rataya ne a wuyan mutum ɗaya. In malamin Turanci ya kwanta ciwo zango guda, ko aka yi masa canjin wurin aiki ba a kawo madadi ba, to makaranta ba ta da Turanci ke nan daga aji ɗaya har aji shida. Mun taɓa samun wani ɗan bautar ƙasa mai ƙwazo da ya riƙe mana Kimiyyar Sinadarai, yara suka farfaɗo, wa'adinsa na cika ya ɗauki jakarsa, darasin ya koma hannun malamin da ba fanninsa ba ne. Babbar makaranta tana da malaman Lissafi huɗu ko biyar, in ɗaya ya tafi sauran su rufe gurbin. Mu kuwa tafiyar mutum ɗaya tana iya bayyana a sakamakon shekaru uku masu zuwa, a lokacin an manta da dalilin.

Amma ciwon da ya fi wannan zurfi tun a aji ɗaya yake shigowa. Akwai wani yaro da ba na mantawa. Littafinsa tsaf, an lulluɓe bangon da takardar buhun siminti, rubutunsa kamar na inji, duk abin da na sa a allo zai kwashe shi ba ko ɗigo da zai bari. Wata rana ina zagayawa na tsaya a kansa, na ɗora yatsa a kan layin farko na ce, "Karanta mini wannan." Ya kalli layin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka Turancin ne ya yi masa nauyi, sai na rubuta masa jimla da Hausa a bayan littafin: "Audu ya tafi kasuwa." Ya kira harafin farko, ya tsaya. Da ƙyar ya ce, "Malam, ban iya haɗawa ba." Shekara shida ya yi a firamare yana zana haruffa kamar yadda ake zana fure. Da na kira mahaifinsa, mamaki ya yi ƙwarai, ya ce, "Malam, ai kullum ina duba littafinsa, ban taɓa ganin shafi ba rubutu ba." Gaskiya ya faɗa.

Yaron nan ba shi kaɗai ba ne a ajin, kuma ba laifinsa ba ne. Kowa ya tuna 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. An yi ta jayayya a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya musa cewa tushen ya ruɓe. Yaron da bai iya karatu da harshen da yake mafarki da shi ba, an ɗora masa Turanci a sama, sannan an ɗora Lissafi da Kimiyya a kan Turancin. Sau da yawa wanda muke cewa ya faɗi Lissafi, tambayar ce bai iya karantawa ba. Ƙara da cewa yawancin waɗanda suka zana jarrabawa a 2025 suna aji ɗaya aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020, kafin su gama farfaɗowa kuma aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar shekarar, aka sace na Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi suka sake rufe makarantu da dama. Abin da aka rasa a waɗancan watanni, shekara biyar ya yi yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya ɓullo a takardar sakamako.

Duk da haka, in takardar tuhuma ta iso, ina ake kai ƙoƙarin gyara? Aji shida. A sa lesin ɗin yamma, a sa na Asabar, a sayo tambayoyin shekarun baya, a janye malamin da ya fi kowa daga ƙananan azuzuwa a kai shi can. Ban raina wannan ba, yana ɗaga yaron da ke bakin gaɓa daga D7 zuwa C6, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a rayuwarsa. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wata shida na lesin ba zai biya bashin shekara goma ba, kuma duk malamin da aka ɗauke daga aji ɗaya, an ci bashin sakamakon shekara biyar masu zuwa ne don a biya na bana.

Abin da muka gwada, kuma na ga amfaninsa da idona, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Makon farko na zangon farko muka ware, muka zauna da kowane sabon ɗalibi minti biyar a gindin darbejiya: ya kira haruffa, ya karanta kalma, ya karanta jimla, ya karanta ɗan labari, da Hausa sannan da Turanci, ya kuma yi ɗebewa da rabawa. Muka rubuta inda kowa ya tsaya a wani babban littafi mai taurin bango. Daga nan darasin farko na kowace safiya ya zama na karatu, kuma ba bisa aji ake zama ba, bisa matakin da yaro yake. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da ita, an kuma gwada ta a makarantun firamare na Borno da wasu jihohin Arewa. Haka nan littattafan "Mu Karanta!" da aka samar don firamaren Bauchi da Sakkwato sun nuna cewa ana iya koyar da karatu da Hausa bisa tsari, mataki bayan mataki. Wahalar da muka sha ta kunya ce. Ɗan shekara goma sha huɗu ba ya son a gan shi yana "ba, bi, bo". Sai da shugabanmu ya riƙa zama a ajin da kansa, ya kuma hana kowa tsayawa a taga, sannan yaran suka saki jiki.

A nan ne ƙanƙantar da ke cutar da mu a lissafin kaso take zama ƙarfi. Shugaban makaranta mai ɗalibai 3,000 ba zai iya sanin wanda bai zo ba ranar kasuwa. Namu ya san kowa da sunan ubansa da ƙofar gidansu. In yarinya ta yi kwana uku ba a gan ta ba, kafin Juma'a an aika gidansu, in ta kama a bi ta hannun liman ko mai unguwa. Mun kuma fara ƙirga kwanakin da aka yi darasi da gaske, ba waɗanda ke kalanda ba. In ka cire makon farko da ake shara da jiran ɗalibai, ka cire ranakun kasuwa, ka cire lokacin shuka da na girbi, ka cire ranakun da malami ya tafi birni bin albashi ko tantancewa, abin da ya rage yakan ba mutum tsoro. Ranar da muka karanta wannan ƙirga a taron kwamitin kula da makaranta, iyaye suka yi tsit, domin sun ga rabonsu a ciki, mu ma mun ga namu.

Ina ganin rahoton shekara na irin wannan makaranta ya kamata ya canza fuska. A rubuta kawuna kafin kaso: yara nawa suka shigo aji ɗaya shekara shida da suka wuce, nawa suka kai ɗakin jarrabawa, maza nawa mata nawa, sauran ina suka tafi. A haɗa sakamakon shekara uku wuri guda, domin ɗalibai 120 sun fi 40 faɗin gaskiya, sannan a aza shi kusa da na jiha a shekarun nan. A nuna kowane darasi da watannin da ya yi ba malami. Kuɗin gyara irin na shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 don karatun 'yan mata, kuma Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno na cikin jihohin da aka fara da su, yana gyara azuzuwa da banɗakuna, kuma banɗaki mai ƙofa yana riƙe yarinya a makaranta fiye da wa'azi. Amma mai duba makaranta in ya gama ƙirga tagogi da kujeru, ya kamata ya shiga aji biyu ya zaɓi yara biyar da hannunsa, ya miƙa musu littafi. Wannan ba zai ci masa rabin awa ba.

Babban cikas ɗin shi ne lokaci. Aikin da aka yi a aji ɗaya sai bayan shekara biyar ko shida yake fitowa a WAEC, kuma kafin nan an canza wa shugaban wurin aiki, wani ya zo ya karɓi yabon ko ya watsar da tsarin. Namu an ɗauke shi kafin yaran da ya zauna da su su kai aji biyar. Ranar da zai tafi ya miƙa mini littafin nan mai taurin bango ya ce, "Malam, ka ba wanda zai zo, ka ce ya fara da shafin farko." Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Shi kuwa yaron mai kyakkyawan rubutu, kafin ƙarshen zango na uku ya karanta mini shafi guda na Hausa ba tsayawa, yana gamawa ya rufe fuska da littafin. Ya kai aji shida. Ya sami C5 a Lissafi da kiredit a wasu darussa huɗu, Turanci kuma D7. A rahoton shekarar an lissafa shi cikin waɗanda ba su ci ba. Mahaifinsa ya sayar da buhun wake biyu ya sake biya masa kuɗin jarrabawar ƙarshen shekara ta masu zaman kansu, wadda sakamakonta ba ya shiga lissafin kowace makaranta.